Kwandensar Fankar Hajiya

"...lahiya lau, amaryata. Ya hanyar Ƙanƙara? Ko kallon samari ya sa kin mance aiken mijinki?"

Malam Almu ke nan, kansa cikin injin tsohuwar Fijonsa a ƙofar gida a Mabai. Ruwan shuka ya sauka, iri na ɗaure a bayan mota. Gonarsa ta gado can wajen Sabuwa, wadda tsoron 'yan bindiga ya raba shi da ita, bana hanyarta ta lafa. In danshin nan ya tsere, shuka ta wuce shi. Mota kuwa, kayya, sai tari take!

Saudatu jikarsa ta kwance bakin gyale, ta miƙa masa 'yar kwandensar wutar mota da ya aike ta ta sayo.

"Wane miji? Mai haƙori uku? Ungo."

"Wanga ɗan mitsitsin abu? Babba na ce miki!"

"Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Babbar ai ita ta ajiye ka nan. Na faɗa ma mai kaya ta fankar kakata Hajiya ka ciro ka liƙa, har sai da ya faɗo daga benci don dariya."

"Kin tona min asiri a kasuwa? Na sake ki!"

"Na gode Allah. Mai kayan ya ce ta farko da ta mutu, wuta ta riƙa tsalle tsakanin bakunan kwantak, ta ƙone su suka yi baƙi. Ta fanka kuma ta yi yawa, ta raunana wutar."

"Ni za ki koya ma kwantak? Ina goge shi tun uwarki na rarrafe! Da tsohuwar zuma ake magani."

"Shi ya sa gefe guda ya yi rami, guda ya yi tsiro, kamar bakinka. Gishirin miya ce, tsoho: ta gaza, lami, ta zarce, a zubar."

Ya yi ƙwafa. Ya goge bakunan da sanfefa har suka yi fari, ya ɗaura ƙaramar, ya yi bismilla ya murɗa makulli. Fijo ta yi tari ɗaya, ta kama, ta zauna daram.

Ya riƙe sitiyari, ƙwalla ta cika masa ido.

"Laa! Angona kuka yake?"

"Hayaƙi ne, ja'ira."

"Hayaƙin ta baya yake fita."

Sai ya fashe da dariya yana share ido da hannun riga.

"Kin ci. Na maida ke ɗakinki. Ruga ki kai ma Hajiya kayan fankarta, ki zo ki shiga gaba. Ramin farko a gonar nan, ke za ki jefa iri."