Ranar da Na Ceci Ran Mai Barci

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Gangara ba, ko da kuwa mutanen garin sun yi mini alheri sun manta (ba su manta ba).

Ni direban ambulans ne a ƙaramin asibitinmu. Aikina in ɗauko marar lafiya in kai shi Tanut, shi ke nan. Sai aka tura ni Damagaram wani ɗan gajeren horo na agajin gaggawa. Aka koya mana danna ƙirji da hura numfashi a kan wani mutum-mutumin roba, aka ba mu takardar shaida. Wallahi tun a tasha na fara jin kalmar "direba" tana yi mini ƙaiƙayi. Na dawo na ɗinka farar riga irin ta ma'aikatan lafiya da kuɗina.

Shugabar asibitin, wadda muke kira Manjo, ta ce mini akwai gurbi ɗaya na cikakken karatun agaji, kuma ita za ta ba da suna. "Ina kallonka, Sani. Wannan aikin natsuwa yake so."

Natsuwa? Ni da ko zama ba na iya yi! In leƙa ƙofa, in goge mota, in sake leƙawa. Kowa na gani sai in auna shi da ido, ko zai faɗi. Allah Ya yafe mini, har haushin lafiyar mutane na riƙa ji.

Ran nan da azahar, rana kamar ta fasa kai, na ratsa ta kasuwar dabbobi. Sai na hangi wani dattijon Buzu kwance a gindin aduwa, rawani ya rufe masa fuska. Mai shayin da ke gefe ya ce, "Tun ɗazu fa bai motsa ba."

Ai ban bari ya rufe baki ba. "Ku ba da wuri! Ku ba shi iska!" Babu kowa kusa da shi, ihuna ne ma ya tara jama'a.

Abu na farko da aka koya mana shi ne ka kira mutum, ka taɓa kafaɗarsa, ka ga ko zai amsa. To amma robar da na koya a kanta ba ta taɓa amsawa ba, don haka na saba tsallake wurin. Na durƙusa, na sa hannu na fizge amawalinsa, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki, don in buɗe hanyar numfashi. (Ga wanda bai sani ba: dattijon Buzu ko abinci zai ci, ta ƙarƙashin amawali yake kai loma. Surukansa ma ba su san bakinsa ba.) Na haɗa hannuwa a ƙirjinsa na danna da ƙarfina, ina ƙirga da Faransanci don kowa ya ji.

Sai gawa ta buɗe ido.

Bai yi ihu ba, bai kai hannu ga takobin da ke gefensa ba, ko da yake ni idona na can. Tafin hannu ya sa ya rufe bakinsa, ya dubi taron da ya kewaye shi, 'yan uwansa makiyaya duk sun kau da kai. Sannan ya ce a hankali, "Yaro, me na yi maka?"

Na ce, "Baba, ceton ranka nake."

"Daga barci?"

Kasuwa ta fashe da dariya. Ni kuwa ina durƙushe, amawalin mutum a hannuna, na rasa ko in miƙa masa ko in naɗa masa. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, kuma ba tawa ce ta fi ci mini rai ba, tasa ce. Ina ɗaga kai sai ga Manjo tsaye da ledar tumatir.

Ita ta ba shi haƙuri, ta duba haƙarƙarinsa (Allah Ya taimake ni bai karye ba), ta sa na sake durƙusawa na roƙi gafara a gaban mutanensa. Ya gyara rawaninsa tsaf kafin ya ce ya yafe.

Muka kama hanyar asibiti. Na cire farar rigar na dunƙule ta a hammata, na san karatu ya wuce ni. Washegari ta kira ni ofis.

"Sunanka na bayar."

Na washe baki. "Manjo, ashe kin ga ƙoƙarina?"

"Na gani. Da ba ka san komai ba, da na bar ka da sitiyarinka, hankalina kwance. Amma wannan guntun da ka sani, in ba a cika maka shi ba, sai ka kashe mana mutum."

Na yi karatun, na gama, yanzu a bayan mota nake zama tare da marar lafiya. Amma har yau a Gangara ba mai kirana ma'aikacin agaji. In na ratsa kasuwa, masu kishingiɗa sai su tashi zaune suna cewa, "Idonmu biyu, Sani!"

Ni ma na ɗauki darasi. Yanzu ko a makara na tarar da mutum, sai na yi masa sallama tukuna.