Rasuwar Wayata a Cikin Salkar Nonon Goɗiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Meerim 'yar Asanbek, ta makiyayar da ke kan duwatsu, saman garin Kochkor, nake sanar da rasuwar wayata, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a cikin salkar nonon goɗiya. Shekarunta uku, da tsaga ɗaya a fuska.

Marigayiya mai rufin asiri ce. Matasan makiyayarmu sun kafa gasar ƙirga taku a waya, da sharaɗin duk wanda ya zo na ƙarshe a mako zai tashi ya yi waƙa gaban jama'a. Ni kuwa aikina ɗinkin shimfiɗa ne, a zaune, kuma don kunya ko gaisuwa sai na yi gumi take fita. Yayana Talant doki ke yi masa takun, ba wanda ya ce uffan. Sai na ɗaure wayar a jikin sandar kaɗa nonon da ke cikin salka. Da yake duk baƙon da ya shigo tanti sai ya kaɗa kafin ya zauna, mako tara ina zuwa ta biyu. Kowace yamma takan ce "ƙililin," ta yaba ƙoƙarina. Ba ta taɓa tona ni ba.

Ajalinta ya zo ta hannun Kawu Bakyt, tsohon ɗan kokawa. Bugu huɗu ya yi, zare ya tsinke. Ta ce "bulum" sau ɗaya. Sai da Kawu ya sha kwano biyu aka gane. Ta yi jinyar kwana biyu a buhun shinkafa ko za ta bushe, ashe tun a cikin salkar rai ya yi halinsa.

Ta bar caja ɗaya mai ciwon wuya, da ni, marar taku ko ɗaya a wannan mako.

Na roƙi Talant a ɗage mini waƙar tunda ina makoki. Ya ce, "Ƙanwata, mu lamba muka sani, ba gawa ba."

Kaka Burul ce ta raba gardama. "Ku ji mini shashashai! Mace mai makoki ai waƙar kuka take yi, fuska ga bango, baya ga mutane. Waƙa ce ko ba waƙa ba?"

Za a binne ta ranar Juma'a bayan tatsar yamma, kusa da turken goɗiyoyi. Daga nan zan rera baiti biyu a tantinmu, ina kallon bango. Ana roƙon masu ta'aziyya su zauna a bayana. Duk wanda ya zagayo don ya ga fuskata, da Kawu Bakyt zai gaisa.