Rasuwar Bebiya, Mai Riƙe Mini Makullai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido a buɗe kuma, ni Hajiya Zuweira ta Tishigu, mai sayar da man kaɗanya, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki da maƙwabta rasuwar laftof ɗina, wadda muke kira Bebiya. Ta cika ranar Asabar da ta wuce a kan teburin ɗakina, cikin wani yanayi da har yanzu ban gamsu da shi ba.

Marigayi mijina, Alhaji Jibirilu, shi ya sayo ta gwanjo a Kumasi, shi kuma ya raɗa mata suna, domin abin da aka faɗa mata ba ya fita. Alhaji bai taɓa yarda da ajiyar da ake yi a intanet ba. Yakan ce kayan da ba ka san ɗakin da suka kwana ba, ba naka ba ne. Saboda haka ya tara duk kalmomin sirrinmu cikin fayil guda, ya kulle, ya bar shi a cikin Bebiya ita kaɗai. Sannan ya liƙa wa burauza wani ɗan ƙari mai alamar makulli. Idan na buɗe shafi, ɗan makullin ya tambaye ta, ita kuma ta miƙo kalmar da ta dace. Ni kalma ɗaya tak nake riƙewa a ka, wadda ke buɗe fayil ɗin.

Marigayiya ta kasance mai amana, mai kuma tuhuma, kuma a nan halinmu ya zo ɗaya. Akwai ranar da saƙo ya zo mini da sunan wani mai saye na Accra, ya kai ni shafin da ya yi kama da na imel ɗina sak. Na danna makullin, Bebiya ta ƙi sakin kalma. Na sake dannawa, na yi mata faɗa, ta yi shiru abinta. Sai da aka duba adireshin da kyau aka ga an sauya harafi ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara ɗaga mata murya ba.

Ba ta da surutu. Da safe takan ce "ƙir-ƙir" kafin ta buɗe ido. Idan aiki ya yi yawa sai ta hau "fuuu, fuuu", kamar mai hura koko. Iyakar maganarta ke nan.

Ta daɗe tana fama da tsufa, ban musa ba. Batirinta ya riga ta tafiya, sai an jona ta da bango take numfashi, kuma ƙugunta ya saki har nakan tokare ta da gwangwanin madara. Amma tsufa daban, kisa daban. Ranar Asabar na kashe ta, na rufe ta da ɗankwali, na tafi suna Kalpohin. Da na dawo na tarar da ɗankwalin a kan kujera, jikinta da ɗumi, maɓallanta suna danƙo, akwai wani ja-ja a gefen harafin da ke kusa da bakinta. Na danna, ba "ƙir-ƙir", ba komai.

Mutum ɗaya na bari a gidan, ƙanin mijina Imoru, wanda ya zo daga ƙauye ganin likita, kuma ba a raba shi da gorar sobolo, wato zoɓo. Da na tambaye shi sai ya ce, "Hajiya, ni ban taɓa shi ba. Dumso ne, wuta ya tafi ya dawo da ƙarfi." Ban ce ya yi ƙarya ba. Ina dai sanar da jama'a cewa tun da nake a Tamale ban taɓa ganin wutar lantarki mai zaƙi ba, kuma tururuwa sun riga ni zuwa gaisuwa. Mutawakil mai gyara ya buɗe ta a gabana, ya shinshina, ya ce ruwa ya ci allonta, had-dis ɗin ma ya daina amsawa. Ya ce in bar masa ita ta kwana. Na ce ko da ranta ba ta kwana a waje ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da maus mai ciwon danna, da jakar da zif ɗinta ya mutu. Ta bar marayu kuma, waɗanda ita kaɗai ta san ƙofarsu: imel ɗin ciniki, inda masu saye ke jiran amsata, da shafin da nake tallar kaya, da asusun Alhaji. Wannan na ƙarshe shi ya hana ni cin abinci. A can hotunansa suke, da muryarsa yana karatu, kuma layin wayar da za a iya farfaɗo da asusun da shi an daɗe da rufe shi. Na zauna ina maimaita kalmata a zuci, makulli a hannu, ɗakin ya rushe.

Ranar Litinin 'yata Hikmatu, malamar makaranta, ta zo daga Vittin a kan babur ɗinta. Ta gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma, ta ciro ɗan filash daga jaka ta ajiye a gabana.

"Mma, kada ki yi fushi. Da azumi na kwafi fayil ɗin."

Na ce, "Da izinin wa?"

"Na roƙe ki sau nawa, kika ce kwafi biyu ɓarawo biyu ne. Ranar kina wanka na yi. A kulle yake, Mma, ba ni da kalmar. Ko na so ba zan iya buɗewa ba."

Na ɗauki filash ɗin. Muka je da ita na zaɓi wata laftof da kaina, ta sa manhajar da ke buɗe fayil ɗin, ta liƙa ɗan makullin. Na ce ta fita tsakar gida, ta fita. Na rufe ƙofa, na saki labule, na rubuta kalmar. Komai yana nan. Na shiga asusun Alhaji na kunna muryarsa, kuma abin da na yi bayan haka ba na sanarwa ba ne. Da na buɗe ƙofa na ga Hikmatu tsaye a jikin bango tana share ido, don sauti ya fita ta taga. Na sa mata albarka har muryata ta dushe. Bayan ta tafi na canja kalmar, domin yarinyar da ta san lokacin wankana ba a san me kuma ta sani ba.

Za a yi sallama da marigayiya ranar Lahadi bayan la'asar, a tsakar gidanmu da ke Tishigu. Liman ya ce babu salla a kan na'ura, na kuma bi. Gangar jikin za ta tafi wurin Mutawakil, ko wasu marasa lafiya za su amfana da sassanta. Had-dis ɗin kuwa ba zai bi ta ba. An ce ya mutu, amma ni ban ga fitar ransa ba. Za a sa shi a turmi, in daka shi da hannuna a gaban shaidu, Imoru kuma zai zauna a sahun gaba.

Za a raba koko da masa. Masu zuwa ta'aziyya su tsaya a rumfa, ban da shiga ɗaki. Wanda yake son ganin magajiyar, sabuwar laftof ɗin, zai gan ta daga bakin ƙofa, a rufe.