Saƙon Muryar da Ya Kai Ni Gaban Dagaci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa haɗa garuruwa biyu faɗa ba, a kan wata sarauniyar da ko a duniya babu ita.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Da yake na ɗan taɓa boko, sai aka ɗora min sakataren ƙungiyar manoman da ke ban ruwa da kanal ɗinmu, har da riƙon makullin get ɗin da ake sakin ruwa. A shekarar ruwa ya yi ƙaranci. Mu muna sama, mutanen Gangare suna can ƙarshen kanal, kullum kukansu mun tare ruwa tumatirinsu yana ƙonewa. Har ta kai in an haɗu a kasuwa gaisuwa ma da ƙyar ake yi.

Ni kuwa a makon abin da ya tsaya min a rai daban ne. Akwai wani fim ɗin Turawa mai dogon zango, na sarakuna da dodanni da tsafi, wanda muka daɗe muna bi ni da abokina Sadiƙu da ke Kumbotso. Ni na karanta littattafan tun ina kwaleji (ban da damar in yi minti biyar da mutum ban sanar da shi haka ba), shi kuwa Sadiƙu fim ɗin kawai ya sani. Da aka saki kashin ƙarshe, sai ya turo min wai bai taɓa ganin yaƙi mai kyau irin wannan ba.

Raina ya ɓaci. A littafi, mutanen birnin da aka yi wa ƙawanya dabara suka yi, suka fasa madatsar kogi, ruwa ya malale filin, dawakin abokan gaba suka kafe a laka. A fim kuwa ga lakar dai an nuna, amma dawaki na sukuwa a cikinta kamar a kan kwalta. Duk wanda ya taɓa barin takalminsa a gonar shinkafa ya san ƙarya ce. An wuni ana sara, ba wanda ya nemi ruwan sha, kibiya ba ta ƙare wa kowa ba, sarauniya kuma ta fito da farar rigarta fes kamar yanzu aka karɓo daga wajen mai guga.

Ina bakin gona da safe, hannuna duk taɓo, na danna waya da ɗan yatsa ɗaya na shiga zuba wa Sadiƙu bayani. Na gama na tura, na cusa wayar a aljihun rigar da na rataye a bishiya, na shiga dashe.

Wajen azahar na hango Baffana, ƙanen mahaifina, ya taho a babur ko hula babu.

"Kai, fito! Dagaci na nemanka."

"Baffa, lafiya?"

"Kai za a tambaya. Ina makullin get?"

Ya karɓe ya jefa a aljihunsa. A hanya ne na duba waya. Ashe ba Sadiƙu na tura wa ba. Guruf ɗin ƙungiya na tura, inda manoman garuruwan biyu suke.

Ƙofar gidan Dagaci cike take. Samarin Gangare sun tsaya gefe guda fuska a murtuke, an ce wasunsu ma tuni sun je sun zauna gadin get. Shugabansu Malam Hudu, dattijo mai farin gemu, yana zaune kusa da Dagaci. Na durƙusa na yi gaisuwa, aka amsa a daƙile. Wani ya haɗa wayarsa da sifika, sai ga muryata ta cika wurin:

"Wallahi da ni ne, ba zan tsaya wani surutu ba. A bar su su taru a gangare, a sakar musu ruwa gaba ɗaya ya cinye su. Waɗanda suka tsira a tare su ta gabas. Wannan tsohon nasu mai farin gemu kuwa, shi za a fara kamawa."

Aka kashe. Malam Hudu ya shafa gemunsa ya dube ni.

"Allah ya ja zamaninka," na ce da Dagaci, "fim ne."

"Fim ne ya ba ka makullin get?" in ji wani daga baya.

Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya tambayi mai wayar ko iyakar maganar kenan. Ya ce a'a, da saura da yawa, su dai nan suka tsaya da ji (ban ga laifinsu ba, ni ma da an ce za a sakar min ruwa ba zan jira ƙarshen zance ba). Dagaci ya ce a kunna har ƙarshe.

A nan na tuna abin da ke gaba. Na so in ce a bar shi haka, a ɗaure ni kawai.

Muryata ta ci gaba. Na yi bayanin laka da ƙafar doki. Na yi masifar farar riga. Sai na zo kan dodon, inda nake nuna wa Sadiƙu yadda ya kamata kukansa ya kasance in da sun bi littafi. Jama'a, na yi gurnani. Gurnani mai tsawo, har da tari a ƙarshe. Wani saurayin Gangare ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Baffana ya sunkuyar da kai yana salati.

Ban tsira ba tukuna. Muryata ta yi ƙasa, na ji kaina ina cewa: "Amma Sadiƙu, tsakanina da kai, da aka kashe sarauniyar nan sai da na yi hawaye. Ko tuwo ban iya ci ba. Kada ka gaya wa kowa."

Malam Hudu ya gyara zama, ya ce cikin natsuwa, "Yaro, ita marigayiyar 'yar wane gari ce? Ai sai a sanar da mu, mu zo ta'aziyya."

Dariyar da aka fashe da ita, na tabbata an ji ta har can garin Kadawa. Dagaci kansa sai da ya sa gefen rawani ya rufe baki. Ni kuwa ina durƙushe gumi na bin bayana, kunya kamar in nutse, amma wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Ba wanda zai daki wani. Aka tura yara su kira masu gadin get su dawo gida.

Da dariya ta lafa, Dagaci ya ce tunda Allah ya tara mu, ba mai tashi sai an yi maganar rabon ruwa. Aka yi ta, har aka tsayar da ranakun kowa. Baffa ya miƙo min makullina a gaban jama'a, ya ce, "Ungo, Sarkin Yaƙi." Sunan ya bi ni har yau, yaran Gangare kuma in sun gan ni a babur gurnani suke min.

Har gobe ina nan a kan bakana, littafin ya fi fim ɗin, kuma doki ba ya sukuwa a laka. Sai dai na koyi cewa mai riƙe da makullin ruwan mutane ba ya tsara yaƙi da baki, ko da na dodanni ne. In kuwa ya zama dole, to ya wanke hannu tukuna, ya duba wa zai tura wa.