Yadda Za Ka Ba Surukinka Mai Zafin Rai Kyautar Huce Haushi

Ya kai mai karatu, idan Allah Ya haɗa ka da surukin da ba ya amsa gaisuwa sai da tsawa, to gyara zama, magani ya zo. Ina ba ka tabbacin cewa duk wanda ya bi matakan da ke ƙasa, ba tsallake ba ƙari, zai ga gidan surukinsa ya yi sanyi, kuma za a sa masa ranar aure.

Ba a littafi na samo wannan ilimi ba. Na gwada shi ne a nan Zuru, a kan Mika, ɗan ƙanena, wanda ya shafe damina bayan damina yana golmo, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa uban budurwa, a gonar Sajan Dawuda mai ritaya, domin neman ɗiyarsa Rachel. A daminar da ta kamata ta zama ta ƙarshe, Sajan ya ɗauko igiya ya auna huɗar da samarin suka yi, ya ce ta karkace, ya kuma rantse cewa idan aka sake ɓata masa rai kafin a kai dawa rumbu, zai ƙara wa Mika wata daminar. Ni ne wakilin Mika a maganar auren, saboda haka nauyin a kaina ya sauka.

1. Tabbatar fushin na gaske ne

Ba kowane mai ɗaga murya ne mai fushi ba. Wani kunnensa ne ya yi nauyi. Don haka ka fara da bincike. Ka lura ko mutumin yana faɗa da abin da ba zai iya mayar masa da magana ba.

Sajan Dawuda ya ci wannan jarrabawa da kyakkyawan sakamako. Yana faɗa da rediyonsa idan labari bai yi masa daɗi ba. Yana faɗa da akuyar maƙwabta, yana kiran ta da sunan mai ita. Tun da ɗansa ya aiko masa da wayar hannu, kullum yakan hau dutsen bayan gidansa neman sabis, idan bai samu ba ya ɗaga wayar sama ya ba ta umurni, har masu wucewa a kan kabu-kabu su rage gudu su saurara. Mutum ɗaya ce kawai a gidan ke tsayawa ta amsa masa, wato maiɗakinsa Hannah, kuma takan biya shi kalma da kalma, wani lokaci har da gyara.

A nan ka riƙe wata ƙa'ida da na gano da kaina: fushi ba ya zama a jikin mai shi, gangarowa yake yi ya sami wanda ke ƙasa. A wannan gida kuwa, babu wanda ya kai mai golmo zama a ƙasa.

2. Zaɓi kayan aiki da natsuwa

Je kasuwa wurin masu sayar da batir da tocila da murfin waya. A nan garin ka nemi Muntaka, domin shi ne ke kawo irin kayan nan da ba wanda ya taɓa jin yana bukatarsu sai ya gan su.

Zai nuna maka kifin roba mai waƙa. Kada ka saya. Ranar da batir ya mutu, fushi biyu za a yi. Zai nuna maka gudumar roba mai ƙara. Ita ma ka bar ta. Ba a miƙa wa tsohon soja abin duka, ko da na wasa ne, domin hannunsa bai san wasa ba.

Abin da kake nema shi ne ɗan kan mutum na roba, daidai cikin tafin hannu. Idan an matse shi, idanunsa su fito waje, harshensa ya zazzago, ya saki wani siririn kuka kamar na ɗan tsako. Idan an sake shi, ya koma yadda yake, bai riƙe kowa a zuciya ba. Muntaka ya ɗora mini shi a hannu ya ce, "Wanga shi manya ke ajewa bisa tebur a birni. In rai ya ɓaci a matse shi, ya yi kuka a madadin mutum."

Ka haddace wannan magana da rabinta na farko da na biyu, za ka bukace su a lokuta daban-daban.

Sai gargaɗi mai muhimmanci. Duba fuskar da kyau kada ta yi kama da wanda za a ba. Na farkon da Mika ya ɗauka yana da sanƙo da gashin baki, kuma da mun kai shi, da yanzu yaron yana can yana huɗa. Muka zaɓi wani ruwan ɗorawa wanda bai yi kama da kowa ba. Lamirina dai ya tilasta mini in faɗa cewa yana ɗan ɗibar kama da shugaban mawaƙan majami'armu, amma ta gefe ɗaya kawai.

3. Kada ka kai da kanka

Kai da ba ka cin abinci a gaban surukinka, ba ka kallon tsakiyar idonsa, ba ka kiran sunansa, da wane baki za ka miƙa masa abu mai zazzago harshe? Nemi dattijo ya kai. Ya kasance mai furfura, mai magana a hankali, wanda idan aka kore shi ba zai iya gudu ba, don haka za a ji nauyin korarsa. A naɗe kyautar a ƙyalle mai tsabta, a haɗa da zakara, domin ko an ƙi ɗaya a karɓi ɗaya.

4. Kada ka faɗi amfaninsa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne wuya, kuma a nan ne masu gaggawa ke hallaka.

Na sami Sajan a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa. Ya karɓi zakara ya ce ramamme ne. Ya warware ƙyallen, ya daɗe yana kallon abin, abin yana kallonsa, sannan ya tambaye ni mene ne aikinsa.

Ka yi tunani tare da ni, ya mai karatu. Idan na ce na huce haushi ne, to na gaya wa mutum a ƙofar gidansa cewa surukinsa ya auna shi ya same shi mafaɗaci. Wannan kaɗai ya isa damina guda, wataƙila da rani a kai. Idan kuma na ƙaga wani abu, na yi ƙarya, ni da nake zama a layin dattawa ranar Lahadi. Sai na ɗauko rabin maganar Muntaka na farko, na ce abu ne da manya ke ajiyewa a kan tebur a birni. Na rufe bakina a nan.

Fuskar Sajan ta canja. Ya sa hannu biyu ya tallabi abin yadda ake tallabar jariri, ya ce ashe yaron ya san darajar mutane. Ya shiga falo da shi, ya buɗe kabad mai gilashi, ya zaunar da shi tsakanin lambobinsa na soja da hoton da ya ɗauka a Laberiya. Ya kulle, ya tara mutanen gida, ya sanar da su cewa kyautar suruki ba abin wasa ba ce, kuma duk wanda ya kuskura ya taɓa ta zai san cewa ritaya ba mutuwa ba ce.

Haka muke a ƙasar nan. Abin da suruki ya kawo adana shi ake yi, a nuna wa baƙi. Wanda ya ƙera abin matsewa a can ƙasarsu bai yi shawara da mu ba.

Na koma gida na kasa cin tuwo. Na yi ta bayyana wa maiɗakina Rabi bambancin da ke tsakanin rabin gaskiya da rabin ƙarya har miya ta huce.

5. Jira, kuma kada ka yi tambaya

Da farko za ka ga kamar lamari ya ƙara lalacewa, domin yanzu mai fushi ya sami sabon abin gadi. Jikokinsa ma an hana su wucewa ta gaban kabad da gudu.

Amma kafin dawa ta fitar da kai, sai maƙwabta suka lura da wani abu. Faɗan gidan Sajan, wanda aka saba ji da murya biyu, ya koma murya ɗaya. Faɗa mai murya ɗaya kuwa ba ya nisa; mai shi yakan gaji ya nemi ruwan sha. Da Sajan ya fara, sai Hannah ta tashi ta shiga falo, jim kaɗan ta fito da fara'a ta tambaye shi ko a kawo kunu.

Matan zumuntar majami'a suka ce addu'a ce ta karɓu. Sajan kuwa ya tare ni a bakin majami'a ya shaida mini cewa a ƙarshe dai horo ya shiga gidansa, abin da kawai ake bukata shi ne namiji ya tsaya a kan maganarsa. Na ce haka ne. Ko Mika ya sami sauƙi, har aka gama girbi ba a sake auna masa huɗa da igiya ba.

Idan ka kai wannan matsayi, kada ka bincika dalili. Ni na bincika a zuciyata, abin da na samu kawai ciwon kai ne, domin kabad a kulle yake.

6. Ranar sa rana, zauna kusa da ƙofa

Da aka kai dawa rumbu, muka taru a falon Sajan, dangin Mika a gefe ɗaya, nasa a gefe ɗaya, Mika a ƙasa kansa a sunkuye, Rachel a bayan ƙofar tsakar gida inda ake cewa ba ta jin kome. Magana ta tafi daidai, har Sajan ya ce bari ya nuna wa baƙi irin abin da ɗa na gari ke kawowa.

Ya buɗe kabad ya fito da shi. Kan ya lotsa ta gefe biyu. Fentin kumatunsa ya goge. Ido ɗaya ya fito ya ƙi komawa. A ƙeyarsa kuma ga tabon manja, sawun yatsu a fili.

Sajan ya miƙe. Ya ce a rufe ƙofa, kowa ya tsaya inda yake. Ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da ido kamar ranar fareti, sannan ya ce ya gane: ba wanda ya shiga falon nan daga waje sai abokan golmon Mika, ranar da aka ba su kunu. An ba shi kyauta da hannun dama, an aiko a wulaƙanta ta da na hagu. Ya juya wajen Mika, ya ɗaga hannunsa sama don ya yanke hukunci, kuma da yake shi mutum ne da ba ya yanke hukunci sai ya dunƙule hannu, sai ya dunƙule.

Idanu suka fito. Harshe ya zazzago. Siririn kuka ya cika falon.

Ba wanda ya motsa. Sajan ya sauke hannunsa a hankali ya buɗe, abin ya koma yadda yake. Ya sake matsawa, don tabbatarwa.

Sai muryar Hannah daga inda mata ke zaune. "Baban Rachel, bar 'ya'yan mutane. Ni ce."

Ya ce mabuɗi yana aljihunsa. Ta ce ai kabad da mabuɗi biyu aka sayo shi, kuma yana tsammanin wa ke goge masa lambobin nan tun da ya bar aiki? Ranar da take share ƙura ta ɗan riƙe kan robar da ƙarfi ya yi mata kuka, a nan ta gane ta sami abokin shawara.

"Duk ranar da ka fara, sai in shiga in matse shi har ka gama," in ji ta. "Ko ka zaci tsoronka ne ya kama ni da tsufana?"

Sajan ya juyo gare ni ya tambaya ko abin da manyan birni ke yi da shi ke nan. A nan ne, ya mai karatu, za ka fito da rabin magana na biyu. Na fito da shi, idona a kan ƙofa.

Ya zauna. Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa. Ya matsa shi a hankali, harshen ya leƙo kaɗan. Sai muka ga kafaɗunsa suna rawa, muka zaci wani sabon nau'in fushi ne da ba mu sani ba, ashe dariya ce. Ƙanensa da ke kusa da ni ya ce rabon da ya ji ta tun suna kiwon awaki.

Da ya share ido, ya ce ashe shirun da ya sha a daminar bana ba shi ya noma shi ba. Wanda ya iya sa Maman Rachel ta bar masa kalmar ƙarshe, ko ta wace hanya, ya gama golmonsa. Aka sa rana, mako na bayan Kirsimeti. Sharaɗinsa ɗaya ne: Mika ya kawo sababbi guda biyu, ɗaya na uwargida tunda ta kashe wannan, ɗaya kuma nasa, wanda zai riƙa hawa dutse da shi.

Daga bayan ƙofa, inda ba a jin kome, wata murya ta ce, "Baba, a ce uku."

A ranar ne na fara ganin Mika ya ɗaga kai a gidan.

7. Kada ka koma wurin Muntaka da tambaya

Bayan bikin na bi ta rumfarsa don in yi godiya. Ya ce kayan sun ƙare tas, matan zumunta sun kwashe, har daga Ribah da Mahuta ana aiko masu kabu-kabu. Ya fara lissafa mini waɗanda suka saya, ya zo kan wani suna ya dube ni, ya ce ga sabon batir ya iso ko ina so.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin duk abin da zai biyo bayan aiki da shawarwarin nan, ko ƙarin damina ne, ko ramammen zakara, ko surukin da ya koyi dariya ya kasa dainawa a wurin jana'iza. Wanda ya bi ya dace, sa'arsa ce. Wanda ya bi ya sha kora, ya tuhumi wakilinsa. Haka kuma babu hannuna a cikin abin da magidanci zai ji a gidansa bayan ya karanta. Ni kaina, duk lokacin da na zauna cin tuwo na fara yi wa Rabi bayani a kan rabin gaskiya, takan tashi ta shiga ɗaki, sai in ji wani siririn kuka, sannan ta fito da fara'a ta ce in ci gaba, tana saurare. Ta ce ɗan tsako ne ya maƙale a bayan akwati. Mu dai ba ma kiwon kaji, amma na karɓi maganarta, kuma ina ba ka shawara ka karɓi ta taka maiɗakin.