Jatan Landen da Na Dafa wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya zo ya kwashe mini sauran tunani, da wani zuwa da surukina ya yi mana Haɗejiya na ce sai na burge shi da girki. Har yau in na ga gwangwanin madara a shago sai na ji gabana ya faɗi.

Baba, mahaifin maigidana, masunci ne daga wani ƙauye can wajen Kirikasamma. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kullum cikin riga mai dogon hannu (yawancin wannan kwatancen ma a bakin mutane na ji shi, za ku gane dalili nan gaba). Ni kuwa Allah ya zuba mini kunyar surukai irin ta mutanen da. A makaranta ni ce malamar kimiyya mai faɗan tsiya, yara na jin takuna suke nutsuwa, amma da Baba ya yi sallama sai in koma kamar kazar da ruwa ya doka. In durƙusa tun daga bakin ƙofa, in kafa ido a ƙasa, in gaishe shi, in ja da baya. Shekara da shekaru da aurena, da za a jera dattawa a ce in fitar da surukina, da takalminsa kawai zan gane shi.

Abin da ke damuna shi ne kifi. Duk zuwan da zai yi sai ya taho mana da tarwaɗa ko karfasa, in dage in yi farfesu, ya ɗan taɓa ya ce, "Allah ya yi albarka," ya ture kwanon. To me za ki dafa wa mutumin da ya san kifin kogin nan kamar 'ya'yan cikinsa? Matan gidansu tun suna goye suke shaƙar hayaƙin banda. Ni 'yar cikin gari, a wurinsu ko wanke kifi ban iya ba. Sai na ƙudurta a raina cewa wannan karon zan ba shi abin ruwan da komarsa ba ta taɓa kamawa ba.

A waya na gano shi. Wata mata ce ta ƙasar waje take haɗa jatan lande, ɗan ƙwaron nan na teku, da ɗanyar masara a kasko ɗaya, da wani farin romo mai kauri. Na kalli bidiyon nan har na haddace motsin hannunta. Na sa ƙanwata da ke Kano ta sayo mini jatan landen, ta danƙara masa ƙanƙara a kula ta ba direba. Masara kuwa ba a neman ta a garinmu, ta fadama ce sabuwar karya.

Tun daga buɗe kular tsoro ya fara. Na matar bidiyo a gyare yake tsaf, nawa kuwa ya zo da kansa da ƙafafunsa da gashin bakinsa, ga wasu baƙaƙen idanu duk sun zuba mini. Na yi bisimilla ta fi a ƙirga kafin na iya taɓa guda. Haka na zauna na ɓare su, na zare baƙin zaren bayan, na wanke da lemon tsami. Na yanke ƙwayar masarar daga totuwa, na narka man shanu a kasko, na soya albasa da tafarnuwa da ɗan attaruhu (matar ba ta sa ba, amma ita ba Bahaushe za ta ciyar ba). Na zuba jatan landen, nan da nan ya tashi daga ruwan toka ya koma ja-ja. Saura farin romo. Abin da matar ta zuba babu shi a kantunan unguwarmu, don haka na fasa madarar gwangwani guda biyu na juye. Ƙamshi ya cika gidan. Na ɗanɗana, na ce lallai yau za a san an auro mace.

Bayan magariba maigidana ya shiga masa da shi falo tare da farar shinkafa, ni kuma na maƙale a bayan labule ina sauraro. Can sai na ji Baba ya ce, "Wannan kuma fa? Farar ruwa ce?" Maigidana ya yi dariya ya ce kusan haka ne. Sai ƙarar cokali, sai ƙarar cokali. Da aka fito da kwanon, wallahi kamar an wanke shi. Har Baba ya ɗaga murya ya ce, "'Yata, wannan fara taki ta yi daɗi." A tsawon aurena bai taɓa yabon girkina ba sai ranar. Na kwanta ina jin kaina kamar wadda aka ba kujerar Makka.

Da safe maigidana ya wuce garin Malam Madori wurin aiki, zai kwana biyu. Ina shara sai ga maƙwabciyata Ya Falmata ta shigo aron rariya. Dattijuwa ce mai kirki, sai dai duk wata cuta da ke duniya ta san wanda ta kama da abin da ya ci kafin ta kama shi. Idonta ya faɗa kan kwandon shara, ga ɓawon jatan lande, ga gwangwanaye biyu a kai.

"Malama, me kika yi da madara haka?"

Ni da bakina, da alfaharina, na zayyana mata komai. Ban kai ƙarshe ba na ga ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Kifi da madara? A tukunya ɗaya? Wa ya ci?"

Na ce, "Baba."

"Baban wa? Surukinki? Ke 'yar nan, ba ki san albaras yake kawowa ba? Fata ta dinga yin fari dabbare-dabbare har ta game jiki! Ko a jere ba a cin su, ke kuma kin dafa su tare!"

To, ni na san wannan magana tun ina yarinya. Kakata ba ta barin mu sha fura da nono ranar da aka yi miyar kifi. Na kuma sha tsayawa gaban allo ina gaya wa ɗalibai cewa camfi ne kawai. Amma ka san camfi ne a kan 'ya'yan wasu daban, ka san camfi ne a kan uban mijinka daban. Na ce mata da ƙaramar murya ai jatan lande ba kifi ba ne. Ta ce, "A ina yake kwana?" Na ce a ruwa. Ta ce, "To."

Na ɗauko waya na bincika, aka ce babu wata illa. Na nuna mata. Ta kalli wayar ta kalle ni ta ce, "Ita wayar ta san jinin mutanen Haɗejiya ne?" Ni kuma garin bincike na faɗa kan hotunan masu ciwon, na yi ta kallo. Nan take na fara hango yadda za ta kasance: Baba ya koma ƙauye, fari ya feso masa, a tambaye shi me ya ci, ya ce wata farar ruwa ce matar ɗansa ta ba shi. Dattijon da ya yarda da ni ya cinye abincina tas! Da wane ido zan kalli maigidana? Wa zai yarda ba da gangan na yi ba? Ko kiran maigidan na kasa yi. Me zan ce? Na lalata maka uba?

Ya Falmata ta ce akwai makari, a wanke cikin tun abin bai bi jini ba. Kunun kanwa da kunun tsamiya, a yi ta ɗura masa. Haka na shiga aiki ba ji ba gani. Da hantsi kunun kanwa, kafin azahar na tsamiya, bayan azahar na kanwa kuma. Baba mutum ne mai kara, duk wanda na kai sai ya shanye ya sa albarka. Zuwa la'asar na lura buta ba ta hutawa a hannunsa, yana ta zarya tsakanin falo da bayan gida. Maimakon in ji tausayinsa sai na ji daɗi, wai dafin ne yake fita.

Sauran aiki shi ne in duba ko farin ya fara fitowa, ga shi ni ba na iya kallon sa. Sai na koma leƙe. Ya fito alwalar la'asar, na laɓe a tagar kicin ina hangen sa ta ƙasan labule, malama guda da ni. Ya zauna a kan turmi ya naɗe hannun riga.

Jama'a, fari fat! Tun daga wuyan hannunsa na hagu har kusan gwiwar hannu, dabbare-dabbare, daidai yadda Ya Falmata ta faɗa. Na sulale na zauna a ƙasa kusa da buhun gawayi. Kwana ɗaya kacal ya ci rabin hannu, to kafin sati fa?

Washegari da hantsi abokansa dillalan kifi suka zo gaishe shi, dattawa sun kai biyar, suka cika falon. Na dama kunun kanwa mai ƙarfi, wanda ya fi na jiya, na kai bakin ƙofa na durƙusa. Baba ya ce, cikin lallashi, "'Yata, a bar kunun nan haka. Tun jiya cikina bai zauna ba." Ya ɗaga hannu yana dakatar da ni, rigar ta zame, farin nan ya bayyana a gaban kowa.

Ban san lokacin da na saki kwanon ba. Na ɗora hannu a ka na fashe da kuka, irin kukan da ake jiyowa daga layi na uku.

"Baba ka yafe mini! Ni ce! Wallahi ba da gangan na yi ba! Madara na zuba a farar ruwan, gwangwani biyu! Ni na sa maka albaras!"

Ni da ko sunan abinci ba na iya faɗa a gabansa, ga ni ina birgima a cikin kunu, ɗankwali ya zame, ina nuna hannunsa da yatsa. Ya Falmata ta jiyo ta faɗo gidan ba ko mayafi, rariyar da ta ara jiya a hannunta, tana salati, ta zaci an yi mutuwa.

Baba ya dubi hannunsa, ya juya shi, kamar yau ya fara ganin sa. Sai wani daga cikin baƙin, Alhaji Bukar, ya ce, "Wai wannan? Wannan farin?" Ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta faɗi. "Yarinya, ai wannan ƙunar banda ce! Ina wurin aka yi. Rumfar bandarsu ce ta kama da wuta ya shiga fito da kifi, ko auren uwar mijinki bai yi ba lokacin. Duk kasuwar kifi wa ya san sunansa na yanka? Mai Farin Hannu ake ce masa!"

Sauran ma suka ɗauka. Wani har da tari, wani yana share hawaye da bakin rawani. Na waiga neman Ya Falmata, ashe tuni ta bi ta ƙofa da rariyata a hannu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Baba kaɗai ne bai yi dariya da ƙarfi ba. Ya bari suka lafa, sannan ya ce, "Ashe shi ya sa ake ta yi mini wankin ciki." Aka sake fashewa. Ya ce, "Tashi, 'yata. Ɗago ki dube ni." Na ɗago da ƙyar. Ranar na fara ganin fuskar surukina sosai, ashe har wushirya gare shi irin ta maigidana. Ya ce, "Shekarun nan duk ina zaton ba kya ƙaunar zuwana ne, kullum kanki a ƙasa. Yau ga shi na ga makokina tun ina da rai, kuma alhamdulillahi, an yi kuka mai kyau."

Da maigidana ya dawo, tun a tasha aka ba shi labari. Hannuna kawai ya kama ya kai ni gaban hoton bikinmu da ke rataye a falo. Ga Baba nan ya dafa kafaɗarsa, hannun riga ya ja baya, farin ya fito ƙuru-ƙuru. Hoton da nake gogewa duk Asabar! Ashe ko a hoto, in na zo kan Baba, sunkuyar da kai nake yi.

Yanzu a kasuwar kifi sunana Mai Madara, kuma na daina bi ta layin su Alhaji Bukar. Baba kuwa duk zuwan da zai yi sai ya aiko tun kafin ya taso, a tanadar masa farar ruwa, amma a gaya wa 'yarsa ban da kunu. Abin da na koya shi ne, kunyar suruki abu ne mai kyau, sai dai ko sau ɗaya ne a shekara mace ta daure ta ɗaga kai ta ƙare masa kallo, don ta san da wane tabo ya zo da kuma wanda ita ta sa masa.