Funkason Alhaji da Alherin Ubangiji

Wata Lahadi Fasto ya yi mana wa'azi cewa alherin Allah yana tare da mu kullum, kyauta ne, ba sai mutum ya cancanta ba, mu dai buɗe ido. Ni da ban wuce aji uku ba, na ce wannan karatun kam na haddace shi.

Washegari ina zaune a rumfata ta tsofaffin ƙarafa a Ƙofar Ruwa, ni kaɗai ne Kirista a layin, sai mai adaidaita ya dire kular abinci a gabana ya wuce. Na buɗe, funkaso ne da miyar taushe, har da ƙashin rago. Ban tambayi daga ina ba. Na wanke hannu, na kira maƙwabta su shaida. Sun gane kular sarai, amma mugayen suka yi shiru.

Ina tsotsar ƙashin ƙarshe ina cewa, "Kun gani? Ban roƙa ba, ban cancanta ba!" sai ga Alhaji mai rumfar gefe ya dawo daga tasha da surukinsa, wanda dominsa aka yi girkin. Ya dubi kular matarsa, ya dubi bakina.

"Dattijo, rashin cancantar nan kam ka faɗi gaskiya."

Gurasa na sayo wa surukin, ya ci yana kallona.

Har yau, da na ratso layin da azahar, sai ka ji Alhaji ya ɗaga murya: "A rufe kwanuka, mai alheri ya taso!"